Guntun Gatarinka Ya Fi Sari Ka Ba Ni

Jawabi ga magidantan ƙasar Birnin Kudu da Gwaram a kan shigar da yara aikin asibiti

Iyayena da yayyena da ƙannena, ina gaishe ku, ina kuma yi muku barka da ƙoƙari. Ga iyali, ga gona, ga furfura ta fara, amma kuka zauna kuka koyi karatu da girmanku. Wanda ya yi wannan ba sai an gaya masa amfanin ilmi ba. Saboda haka yau zancen 'ya'yanku na zo da shi, waɗanda ke makarantar sakandare, maza da mata. Ina roƙonku ku saurara har ƙarshe, sa'an nan kowa ya auna da hankalinsa.

Daren da kowa ya sani

Akwai wani dare wanda babu magidanci a cikinmu da bai san irinsa ba. In bai same ka ba, ya sami maƙwabcinka. Damina ta yi nisa, hanya ta ɓaci, matarka tana kan gwiwa tun la'asar. Tsofaffi suna shiga suna fita, ba mai ce maka kome. An sha rubutu, an yi turare, har dare ya raba. Can sai tsohuwa ta leƙo ta ce, “Malam, abin nan ya fi ƙarfinmu.” Ka tashi neman abin hawa, ka buga wannan ƙofa, ka buga waccan. Kafin a kai Gwaram ko Birnin Kudu gari ya waye. Wata Allah ya yi mata sauran kwana, wata a hanya a ke juyowa da ita.

Abubuwan da ke kashe mata a irin wannan dare sanannu ne. Akwai zubar jini bayan haihuwa, akwai jijjiga, akwai doguwar naƙuda, akwai zazzaɓin da ke biyo bayan haihuwa in ƙazanta ta shiga. Waɗansunsu suna da alamu tun da wuri. Ungozomar da ta yi karatu takan auna jinin mai ciki, ta ga ya hau, ta san jijjiga na tafe tun ba ta zo ba. Takan duba kwanciyar ɗa, ta ce wannan haihuwa ba ta gida ba ce, a tafi babban asibiti tun da rana. Wadda ta tsira daga doguwar naƙuda kuwa, sau da yawa takan tashi da yoyon fitsari. Ku je asibitin Jahun, inda ƙungiyar likitocin nan na-gari-na-kowa, watau MSF, ta fara aiki tun 2008, ku ga matan da a ke kawowa ɗinki daga nisan duniya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a shekarar 2020 kaɗai mata kamar 82,000 suka rasu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa. Watau cikin kowaɗanne mata huɗu da suka rasu ta wannan hanya a duniya duka, fiye da ɗaya tamu ce. Arewa kuwa ita ke ɗauke da kaso mai nauyi.

Tambaya ɗaya

To, ga wata tambaya, kowa ya amsa a zuciyarsa. Da yawa daga cikinmu ba mu son namiji ya duba iyalinmu. Wannan kunya ce, ba kuwa abin zargi ba ne. In an je asibiti aka tarar da namiji, sai mu ce, “Ina matan?” Amma mutumin nan da ke tambayar ina matan, shi ne bara ya cire 'yarsa daga aji uku. Maƙwabcinsa ma haka, na gaba da shi ma haka. To, daga ina matan za su fito? Daga sama za su faɗo?

Haka kuma mukan yi kuka, mu ce an turo mana ma'aikaci baƙo, ba ya jin Hausa sosai, ba ya jin Fulatanci ko kaɗan, ba ya kwana a gari, da Alhamis ta yi ya hau babur sai Litinin. Kada mu yi saurin ganin laifinsa. Iyalinsa suna wani wuri, zuciyarsa tana can. Wanda zai kwana a garinku shi ne wanda uwarsa ke garin. Mutanen da suka ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Garin da ke son ma'aikacin asibiti mai zama, sai ya haife shi, ya rene shi, ya kai shi makaranta da kansa.

Abin da ke ƙofar gidanmu

Allah ya yi wa wannan yanki baiwar da wurare da yawa ba su samu ba. A cikin Birnin Kudu akwai babban asibitin Gwamnatin Tarayya. A nan kuma kwalejin koyon aikin nas da ungozoma ta Jihar Jigawa ta ke. A Jahun akwai makarantar koyon aikin lafiya. A Dutse akwai jami'ar Tarayya tun 2011, Kano kuwa ga Jami'ar Bayero da asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano. Tsohuwar kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu ta yaye manyan mutane, har Alhaji Aliko Ɗangote a cikinta ya yi karatu.

Amma ku tambayi kanku, yaran da ke cika waɗannan makarantu 'ya'yan wa ne? Galibi 'ya'yan ma'aikata ne da na mutanen gari, waɗanda ubanninsu suka san hanya. Ɗan manomi na bayan Basirka, da 'yar makiyayi ta rugar da ke gefen Kila, da marayan Sundimina ko Kantoga, su kan wuce ta bakin ƙofar ne a kan hanyar kasuwa. Ba don ƙwaƙwalwarsu ta gaza ba. Ba wanda ya taɓa gaya musu ƙofar nan tasu ce, ba kuma wanda ya nuna musu mabuɗinta.

Mabuɗin ƙofa

Bari in gaya muku mabuɗin, don kowa ya riƙe. Aikin asibiti iri iri ne. Akwai likita, shi shekara shida ya ke yi a jami'a. Akwai nas, akwai ungozoma. Akwai ungozomar karkara, wadda a kan koyar shekara biyu don ta koma ƙauyensu. Akwai malamin lafiya na ƙaramin asibiti, mai shekara uku. Akwai mai haɗa magani, da mai awon jini da fitsari, da mai ɗaukar hoton ƙashi, da duba-gari. Kowane yaro da gwargwadon ƙarfinsa, kowane uba da gwargwadon aljihunsa.

Manyan ayyukan nan duka ƙofarsu ɗaya ce. Sai yaro ya ci darasi biyar da kyau a jarrabawar ƙarshe ta sakandare, wadda a ke kira WAEC ko NECO. Cin nan shi a ke ce wa kiredit. Darussan su ne Turanci, da Lissafi, da Bayoloji, watau ilmin abubuwa masu rai, da Kemistiri, watau ilmin sinadarai da yadda su ke haɗuwa, da Fiziks, watau ilmin ƙarfi da zafi da haske da lantarki. Makarantun nas su kan karɓa ko da a zama biyu yaro ya haɗa su. Bayan wannan akwai jarrabawar JAMB ta shiga manyan makarantu.

Ga inda a ke yin ɓatan kai. Sa'ad da yaro ya gama aji uku na ƙaramar sakandare, yana ɗan shekara goma sha huɗu ko sha biyar, a nan hanya ke rabuwa. Waɗansu su shiga ajin kimiyya, waɗansu su shiga wani. Wanda bai shiga ajin kimiyya ba, ƙofar asibiti ta rufe masa tun ran nan, ko shi bai sani ba, ko ubansa bai sani ba. Sai bayan shekara uku uba ya zo yana cewa yana son ɗansa ya zama likita. Ba a fafe gora ranar tafiya. A wannan shekara ɗin ce kuma a kan cire yarinya don aure, a kan tura yaro ci-rani. Saboda haka duk mai son taimakon yaran nan, a wannan mararraba zai tsaya.

Me ya kawo masallaci cikin zancen?

Wani zai ce, “Wannan ai aikin Gwamnati ne da malaman boko. Ina ruwan liman?” Amsa ta farko ita ce, aikin jinya ba baƙo ba ne a masallaci. A zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, akwai wata sahabiya, sunanta Rufaida, daga ƙabilar Aslam. Tana da tanti a masallacin Madina inda ta ke jinyar masu rauni. Da aka harbi Sa'adu ɗan Mu'azu a yaƙin Handaƙ, shekara ta 5 bayan Hijira, a tantinta aka kwantar da shi. Mace ce, a masallaci, tana aikin da nas ke yi yau.

Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya lissafa ilmin likita cikin farillan kifaya a littafinsa Ihya'u Ulumiddin. Ma'anar farillar kifaya kun san ta, kamar sallar gawa ce: in waɗansu sun yi, an ɗauke wa saura, in ba wanda ya yi, laifi ya hau kan kowa. Har ya yi kukan cewa a zamaninsa akwai garuruwan da ba su da likita Musulmi ko ɗaya, amma kowa ya ruga karatun fiƙihu. A ƙasarmu ma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi sarauta daga 1817 zuwa 1837, duk da nauyin mulki da yaƙi, ya zauna ya wallafa littattafai a kan magani. Ƙanwarsa Nana Asma'u kuwa ta naɗa jajis, suna shiga ƙauyuka suna karantar da mata a gidajensu.

'Yan'uwanmu Kirista su ma suna da nasu misali. Likita na farko ɗan Arewa shi ne Dokta Barau Dikko, wanda aka haifa a ƙasar Zariya a 1912. Mutanen majami'arsu ne suka riƙe hannunsa a karatu, har ya kai jami'ar Birmingham a Ingila. Yau ga asibiti da sunansa a Kaduna. Yaro ɗaya aka tallafa, ƙasa guda ta ci moriya.

Amsa ta biyu ita ce, maganar liman tana shiga inda takardar Gwamnati ba ta shiga. Kun tuna rigimar allurar shan-inna. A 2003 aka tsai da ita a Kano saboda zargi, ciwon ya bazu har ƙasashen waje. Ba bindiga ce ta gyara abin ba. Sai da sarakuna da malamai suka shiga, Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya tara sarakunan Arewa a kan aikin a 2009, limamai suka yi huɗuba, hakimai suka ɗiga wa 'ya'yansu a gaban jama'a. Ran 25 ga Agusta, 2020, aka shaida Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali. Bakin da ya iya buɗe ƙofa ga mai allura, zai iya buɗe ta ga yarinya mai zuwa makaranta.

An taɓa gwadawa a nan

Kada ku ce mafarki na ke yi. Daga 2012 zuwa 2020 an yi wani shiri da taimakon Gwamnatin Ingila, sunansa Women for Health, watau Mata Domin Kiwon Lafiya. An yi shi a Jigawa da Kano da Katsina da Yobe da Zamfara, daga baya aka ƙara Borno. Masu shirin sun lura 'yan matan ƙauye ba su samun shiga makarantun ungozoma, don ba su da darussan nan biyar. Sai suka kafa ajin share fage, a ɗauki yarinya a ƙara mata karatu har ta ci jarrabawa.

Abin lura shi ne yadda a ke zaɓen yaran. Sai an zauna da dagaci da liman da iyaye, da miji in matar aure ce. Jama'ar gari su ke nuna yarinyarsu, su yi alkawarin tsaya mata, ita kuma ta yi alkawarin komowa ta yi musu aiki. Mai goyo ba a kore ta ba, an tanadi ɗakin reno da masu reno a makarantu. Da haka 'ya'yan talakawa da yawa suka zama ungozomomi. Shirin ya ƙare, baƙi sun koma gida, amma dabarar ba su tafi da ita ba. Ba kuwa abin da ke cikinta wanda masallacin Juma'a ɗaya ba zai iya kwatantawa ba.

Abubuwa biyar da masallaci zai iya yi

Na ɗaya, ƙidaya. Liman da mai unguwa da shugaban makaranta su zauna su rubuta sunayen yaran unguwa da ke aji uku zuwa aji shida na sakandare. A sa mata, a sa marayu, a sa 'ya'yan ruga, a sa almajirin da ya haɗa allo da boko. Yaron da ya haddace izu sittin, kada wani ya ce maka ba zai iya riƙe sunayen ƙasusuwa ba.

Na biyu, nunawa. Yaro ba ya sha'awar abin da bai taɓa gani ba. A gayyato nas ko ungozoma ko likita, musamman ɗan ƙasa, ya zo Islamiyya bayan la'asar, ya gaya wa yara yadda ya fara, da wahalar da ya sha, da abin da ya ke yi kullum. Mata su sami mace. In hali ya yi, a nemi izini a kai su su ga kwalejin nan ta Birnin Kudu da idonsu.

Na uku, ƙarin karatu. Makarantun ƙauye da yawa suna ƙarancin malaman kimiyya. Ɗakunan Islamiyya kuwa akwai lokacin da ba kowa a cikinsu. A nemi malami ko ɗan bautar ƙasa, a riƙa ba shi ɗan abin sabulu, ya riƙa koya wa yara Lissafi da Turanci da kimiyya lokacin hutu da ranakun da ba makaranta.

Na huɗu, asusu. Yawancin yaran da ke faɗuwa a hanya ba babban kuɗi ke kā da su ba. Kuɗin jarrabawa ne, da na takardar neman shiga, da na mota, da littafi, da guzuri. In kaka ta yi, kowane gida ya kawo tiya ɗaya ta gero ko riɗi ko gyaɗa. Mai hali ya yi wakafi. Zancen zakka a tambayi malamai, a kuma nemi shawarar kwamitin zakka na masarautar Dutse. Amma ku ji wannan da kyau: a sa mutum uku amintattu, a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, a karanta wa jama'a bayan Juma'a. Ku da kuka koyi karatu yanzu, ga ranarku ta zo. Asusun da ba a karanta lissafinsa ba ya shekara biyu. Kada kuma a zaɓi yaro don ɗan wane ne, a zaɓe shi don ƙoƙarinsa.

Na biyar, riƙon amana. Uban da ke tsoron tura 'yarsa nesa ba mahaukaci ba ne, mutuncinta ya ke tsaro. To, a taimake shi. A san inda za ta kwana, a san matar da ke kula da su, a wakilta dattijuwa mai kai ziyara. In aure ya zo, liman ya zaunar da waliyyai da mai nema tun kafin a sa rana, a yi magana a fili cewa za ta ƙare karatunta. Aure da karatu ba kishiyoyi ba ne.

Gaskiyar da ba zan ɓoye muku ba

Ba duk yaron da kuka tallafa zai ci jarrabawa ba. Wani sai ya sake, wani ya sake bai samu ba. Kada ku yi masa gori, karatun da ya yi bai ɓace ba. Ba kuma duk wanda ya gama zai komo ba. Likitoci da nas da yawa suna barin ƙasar nan zuwa Ingila da Saudiyya neman albashi mai kauri, wani naku ma zai bi su. Saboda haka kada ku dogara ga yaro ɗaya. Manomi ba ya zuba ƙwaya ɗaya a rami. In kun tura biyar, biyu suka zauna, garinku ya warke. Wanda aka yi wa karatu da tiyar geron tsofaffin unguwarsu kuwa, da wuya ya manta da hanyar gida.

Aikin kansa ma ba wasa ba ne. Akwai kwanan zaune, akwai jini, akwai wari, akwai ganin mutuwa. Kada a tilasta yaron da zuciyarsa ba ta ɗauka. Ku dubi wanda in ƙanensa ya yanke shi ke ɗaure masa, da wadda in kakarta ta kwanta ita ke zama a kanta. Irin waɗannan a ke nema, masu tausayi da haƙuri, gama likita marar tausayi wani ciwon ne.

Wani kuma zai ce, “Ai kowa da ajalinsa.” Gaskiya ne, ba mai ja. Amma ba wanda ya ƙi shuka don arziki na Allah ne. Mukan yi huɗa, mu yi noma, sa'an nan mu roƙi ruwa. Neman magani ma haka ya ke.

Abin da na ke roƙonku

Ba na roƙonku kuɗi yau. Abu biyu kaɗai na ke roƙo. Na farko, in kun koma gida daren nan, kowa ya kira ɗansa ko 'yarsa, ya tambaya, “Aji nawa ka ke? Ajin kimiyya ka ke ko wani?” Da yawa cikinmu ba mu taɓa yin wannan tambaya ba. In akwai takardar sakamako, ka karɓa ka karanta da kanka, tun da yanzu ka iya.

Na biyu, ran Juma'a mai zuwa, in an sallame, kada ku yi saurin ɗaukar takalma. Mutum uku ko huɗu su tsaya su gai da liman, su ce, “Allah gafarta Malam, yara nawa garin nan ya ke da su a makarantar asibiti?” In ya ce babu, ku ce, “To, farillar nan a kan wa ta ke?” Daga nan magana ta fara.

Yarinyar da ke aji uku bana, in an tsaya mata, nan da shekara shida ko bakwai ungozoma ce. Kwanan tsawo ne a ido, amma wanda ya dasa mangwaro ya san ba shi da yawa. Wata rana cikin damina, da tsakar dare, za a buga wata ƙofa a unguwarku, a ce wance tana kan gwiwa. Ina fata a sami mai buɗewa, ta ɗauko jakarta da fitila, ta kira mai naƙudar da sunanta, don tare suka yi wasan ƙasa.

Allah ya raya mana zuriya, ya sa su amfane mu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan matan da suka rasu a kan gwiwa.